Ta ina ake fara zanen alaƙar tebura? Rumbun bayanan Islamiyyar kawuna ya rikice mini

ɗanKurna:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka riga ni a harkar rumbun bayanai.

Bara na gama karatun kimiyyar kwamfuta, yanzu ina zaman jiran kiran bautar ƙasa. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, yana da makarantar Islamiyya a unguwarmu a nan Kano. Ɗalibai sun kai 340 idan aka haɗa 'yan safe, 'yan yamma da ajin matan aure na bayan magariba. Tun da aka buɗe ta da littafin rajista ake komai, irin dogon nan mai kaurin bango, kowane aji da nasa, sai littafin rasit a hannun ma'aji. Idan uba ya zo yana tambaya ko ya kammala kuɗin zangon da ya wuce, sai a zube littattafai a kan tabarma ana lalube, wani lokaci har a kira sallah ba a gano ba. Abin ya daɗe yana damuna, shi ya sa na ce wa Kawu zan yi musu manhaja.

Na kwashe rajistar zuwa Excel, daga nan na zuba ta cikin MySQL, manhajar rumbun bayanai, a tebur guda mai gurabe 27: sunan ɗalibi, sunan mahaifi, lambar waya, aji, sunan malami, izun da yake, kuɗin zango na ɗaya, na biyu, na uku, da sauransu. Wata huɗu komai na tafiya daidai. Da aka yi ƙarin aji ne matsala ta ɓullo. Na sauya ajin kowa zuwa sabo, sai bayan mako biyu wata uwa ta zo neman takardar shaidar cewa 'yarta ta yi aji uku bara, a hannun malami wane. Na duba, babu. Na goge tarihin da hannuna. Allah ya taimaka tsohon littafin yana nan.

Ba ita kaɗai ba ce. Akwai wani bawan Allah mai 'ya'ya biyar a makarantar, ya sauya layin waya, na gyara lambar a layukan tebur uku na manta biyu. Muna da yara mata uku masu suna ɗaya da sunan mahaifi ɗaya, biyu ma ajinsu ɗaya. Akwai yaran da ke zuwa da safe don hadda su dawo da yamma don littattafai, su kuma sai na rubuta su sau biyu. Masu biyan kuɗi kashi-kashi kuwa, gurbi ɗaya ba ya ɗaukarsu, sai na dinga haɗa jimla a kaina ina sake rubutawa.

A makaranta an koya mana zanen ERD, wato zanen akwatuna da layuka mai nuna alaƙar tebura, na ci jarrabawar kuma, amma misalin laburare ne da kamfanin da ban taɓa gani ba. Yanzu da aikin gaske ya zo, na buɗe manhajar zane ta draw.io na zura wa farin shafi ido, ban san akwatin da zan fara zanawa ba. Tambayoyina: ta ina ake farawa? Ta yaya mutum ke gane cewa wannan abu ya cancanci teburinsa? Kuma zan iya mayar da lambar wayar mahaifi babban mabuɗi, wato gurbin da ke bambanta kowane layi a tebur, tunda ba ta maimaituwa kamar suna?

Allah ya saka da alheri.

Malama_Bayanai:

Wa alaikumus salam ƙanina. Allah ya ba ka ladan wannan aiki. Na kai shekara goma ina irin wannan a Kaduna, yawanci wa asibitoci da ƙungiyoyin gama kai, kuma abin da ya same ka na sha ganinsa.

Ɗauko ɗaya daga littattafan rajistar nan ka dubi bangonsa. Za ka ga an rubuta aji, shekara, da sunan malamin ajin. Bayanin nan ba ya cikin layukan, a bango yake, kuma idan shekara ta ƙare ana ajiye littafin a ɗauko sabo. Ka ga ashe makarantar ta daɗe tana riƙe tarihi, tulin littattafan nan shi ne tarihin. Kai da ka zo, ka kwashe layukan ka bar bangon. Shi ya sa ajin bara ya ɓace. Aikin zane shi ne ya fito maka da irin wannan bayanin da ke ɓoye a bango, a kan ma'aji, da a bakin Kawu.

Rufe kwamfutar tukuna. Samu takarda da fensir, ka rubuta yadda makarantar ke gudana cikin gajerun jimloli, da Hausa, kamar kana ba baƙo labari:

Waliyyi yana kawo ɗalibi. Ɗalibi yana shiga aji a shekara kaza. Malami yana koyar da aji. Makaranta tana ɗora wa ɗalibi kuɗi kowane zango. Waliyyi yana biya. Ɗalibi yana kawo hadda a ƙara masa.

Tunda a gidan malamai ka tashi, nahawu ba baƙonka ba ne. Ja layi ƙarƙashin kowane suna: waliyyi, ɗalibi, aji, shekara, malami, zango. Su ne akwatunanka. Aikatau, wato kawo, shiga, koyar, biya, su ne layukan da ke haɗa akwatunan. Abin da ke siffanta suna kuwa, kamar ranar haihuwa ko unguwa, cikin akwatin yake shiga. Ba ni na ƙirƙiro wannan ba. Peter Chen, wanda ya fito da wannan salon zane a 1976, shi da kansa ya yi rubutu daga baya kan yadda ginin jimla ke dacewa da zanen. Shi kuwa tunanin ajiye bayanai a tebura masu alaƙa, Edgar Codd ne ya kawo shi a 1970 yana aiki a IBM. Zanen ya zo ne don mutum ya yi tunani kafin ya gina, kuma ya iya nuna wa mai aikin da bai san kwamfuta ba.

Yadda za ka gane abu ya cancanci akwatinsa: tambayi kanka ko yana nan ko da ɗayan ba ya nan, kuma ko kana maimaita bayaninsa. Mahaifin nan mai 'ya'ya biyar mutum ɗaya ne, wayarsa ɗaya, amma ka rubuta shi sau biyar. Duk abin da sai ka gyara a wuri fiye da ɗaya, yana roƙon teburinsa ne. Wata alamar kuma ita ce gurabe masu lamba a wutsiya: kuɗin zango 1, kuɗin zango 2, kuɗin zango 3. Da ka ga haka, tebur ne aka kwantar a kaikaice, sai a tashe shi tsaye, kowane zango ya zama layi.

Yanzu wurin da nake so ka daɗe. Kowane layi da ka ja tsakanin akwati biyu, tambaya biyu gare shi, ɗaya ta nan ɗaya ta can. Ɗalibi ɗaya, aji nawa zai iya shiga? Aji ɗaya, ɗalibi nawa zai ɗauka? Kuma kowace tambaya ka nemi mafi ƙaranci da mafi yawa. Ni da salon ƙafar hankaka nake aiki, don ya fi na Chen tsuke shafi. Shi na Chen kowace siffa sai an yi mata da'irarta, alaƙa kuma a sa ta cikin lu'ulu'u, nan da nan takarda ta cika. A ƙafar hankaka alamomi uku ne kawai a bakin layi: ƙaramin zobe yana nufin zai yiwu babu, 'yar sanda a gicciye tana nufin ɗaya, yatsu uku a baje suna nufin da yawa.

Malami da aji, wataƙila ɗaya ne da yawa. Amma ɗalibi da aji, yatsu uku za ka samu ta ɓangare biyu: aji yana da ɗalibai da yawa, ɗalibi kuma yana ratsa azuzuwa da yawa a tsawon shekarunsa, har ma biyu a lokaci guda kamar 'yan haddarka. Irin wannan layin ba ya ginuwa kai tsaye a MySQL, dole a sa tebur a tsakiya ya zama gada. Kira shi rajista. Kowane layinsa yana cewa: ɗalibi mai lamba kaza, a aji kaza, a shekara kaza. Idan an yi ƙarin aji ba ka goge komai, sabon layi kake ƙarawa. Wannan teburin shi ne tulin littattafan Kawu. Haka za ka yi wa izu: maimakon gurbi ɗaya da kake gogewa, tebur ne mai ɗalibi, kwanan wata, inda ya kai, da malamin da ya saurara. Daga izu ɗaya har sittin za ka ga tafiyar yaro.

Batun waya: a'a. Layi yana ɓata, ana sauya shi, gida ɗaya suna iya amfani da waya ɗaya, wasu iyayen ma lambar maƙwabci suke bayarwa. Babban mabuɗi abu ne da ba ya sauyawa kuma ba ya nufin komai. Bar MySQL ta dinga ba kowa lamba mai ƙaruwa da kanta, sauran tebura su ari wannan lambar don nuni gare shi. Mabuɗin aro ke nan, kuma a alaƙar ɗaya da yawa, a ɓangaren yatsu uku yake zama. Yaran nan uku masu suna ɗaya, lamba ce za ta raba su.

Kayan zane sai a ƙarshe. Idan takardar ta daina sauyawa, draw.io ya wadatar. MySQL Workbench yana da wurin zane, yana iya fitar da umarnin gina tebura daga zanenka, yana kuma iya zano maka rumbun da ka riga ka gina. Akwai dbdiagram.io ga mai son ya rubuta a zana masa. Amma kafin duk wannan, ɗauki takardar ka zauna da Kawu da ma'aji. Kada ka nuna musu akwatuna, karanta musu layukan a matsayin tambaya: “Kawu, an taɓa samun aji mai malami biyu?” Duk inda suka ce “ai wani lokaci…”, tsaya nan ka rubuta.

Injiniya_Maraɗi:

Sallama gare ku. Ɗan'uwa, abin da Malama ta faɗa mai kyau ne ƙwarai, abu biyu kawai zan ƙara.

Mu nan Nijar, a lakwal da tsarin Merise aka koya mana, wanda ya fito daga Faransa a ƙarshen shekarun 1970. Mataki-mataki ne. Da farko MCD, zanen ma'ana zalla, ba maganar mabuɗin aro ko irin manhajar da za a yi aiki da ita. Sannan MLD, inda ake juya shi ya zama tebura. Sannan na ƙarshe, wanda ya dace da MySQL ko PostgreSQL. Amfanin rabuwar shi ne ba ka fara gardamar nau'in gurbi ba alhali ba ka gama sanin yadda makaranta ke tafiya ba. Mu lambobi muke rubutawa a kan layi: 0,1 ko 1,1 ko 0,n ko 1,n, ta farko mafi ƙaranci, ta biyu mafi yawa, n kuma na nufin da yawa. Amma ka yi hattara in ka ci karo da zanenmu a intanet, don wurin ajiye alamar ya saɓa. A Merise lambar da ke kusa da ɗalibi tana faɗin sau nawa shi ɗalibin ke shiga alaƙar. A ƙafar hankaka alamar da ke amsa wannan tambayar tana can bakin akwatin aji. Na ga wanda ya haɗa salon biyu a zane guda, mabuɗan aronsa duka suka faɗa teburin da ba nasu ba. Zaɓi ɗaya ka tsaya kansa.

Na biyu, Malama ta rubuta “waliyyi”, kai kuma ka rubuta “mahaifi”. Bi nata. Na yi wa wata makaranta irin wannan aiki a nan, na sa gurbin uba dole ne a cika, sai ga marayu, ga ɗiyan da ke hannun kaka, ga wanda baffansa ke biya amma uwa ake kira in ba shi da lafiya. Ɗalibi da waliyyi ma gada suke so: lambar ɗalibi, lambar waliyyi, dangantaka, da alamar wa ake fara kira. Kuma ajin matan aurenku, wata ɗalibar ita ce uwar wani ɗalibin safe. Ka yi tunanin wannan tun yanzu.

MaiGyara_Fagge:

Ni ban ƙi zane ba, amma ina jin tsoron a mayar da ƙaramin aiki babba. Ɗalibi 340 ne. Kai kuma gobe za a iya tura ka wata jiha bautar ƙasa, wa zai riƙe tebura goma sha biyar? Idan zanenka ya wuce shafi ɗaya, ka tsaya ka rage. Kada ka yi teburin unguwanni, teburin jinsi, teburin wannan da wancan don kawai littafi ya ce a rarrabe.

Abubuwan da na ga suna kashe irin wannan aiki ba a zane suke ba. Lambar waya ka ajiye ta a matsayin rubutu, don in ka ce lamba ce sifilin farko zai faɗi, kuma INT, nau'in gurbin lamba a MySQL, iyakarsa 2,147,483,647, lambar da ta fara da 080 ta zarce shi nesa. Gurbin kuɗi ka sa masa nau'in DECIMAL, ban da FLOAT. A MySQL ka tabbata teburanka nau'in InnoDB ne, don nau'in MyISAM ba ya kula da mabuɗin aro ko ka zana shi. In ka koma SQLite, ƙaramar manhajar rumbun bayanai, don kwamfuta ɗaya ce, wanda ni shi zan zaɓa, sai ka kunna PRAGMA foreign_keys = ON duk lokacin da ka buɗe, in ba haka ba ba ya tsare maka mabuɗin aro. Ka gwada suna mai ƙ da ɗ da ɓ tun ranar farko, tsarin haruffa na utf8mb4 a MySQL yana ɗaukarsu. Sannan kwafi a filashi duk Alhamis, a ajiye a wani gida daban. Bayanan yaran mutane ne, kada a bar kwamfutar ba kalmar sirri.

ɗanKurna:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Na yi kwana takwas ban leƙo ba don ina so in dawo da abin hannu.

Malama, na yi yadda kika ce. Ranar Juma'a bayan la'asar, da babu karatu, na zauna da Kawu da ma'aji a zaure da takarda biyu da fensir. Na shiga da akwati shida ina ganin na gama. Tambayar farko, ko aji yana da malami biyu, Kawu ya ce a'a. Sai ma'aji ya ce ai aji biyar da shida malamin Alƙur'ani daban, na fiƙihu da hadisi daban, kuma idan malama ta tafi haihuwa wata ke riƙe mata wata uku. Nan take layin da na ɗauka ɗaya-da-yawa ne ya zama gada, mai malami, aji, darasi, ranar farawa da ranar gamawa.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne maganar kuɗi. Ban taɓa sanin cewa marayu ba sa biya ba, kuma duk gidan da ke da yaro fiye da uku, na huɗun rabi yake biya. Ba a rubuta wannan ko'ina ba, shekara da shekaru a kan ma'aji yake. Har suka ɗan saɓa da Kawu kan ko rangwamen ya shafi 'ya'yan riƙo, suka yanke a wurin cewa ya shafe su. Da na karanta musu zanen daga farko, Kawu ya karɓi takardar ya daɗe yana kallo, ya ce a yi masa kwafi ya ajiye. Ban zaci zai damu da ita ba.

Yanzu akwatuna tara ne: ɗalibi, waliyyi, gadar da ke tsakaninsu, malami, aji, zango, rajista, koyarwa, da ƙarin hadda. Malam na Fagge, shafi ɗaya ne har yanzu, kuma na bar unguwa a matsayin rubutu kawai. Malam na Maraɗi, ka yi gaskiya, mata bakwai a ajin dare suna da yara a makarantar. Na bar su a tebura biyun, na sa wa waliyyi gurbin da zai iya zama fanko mai nuni ga lambar ɗalibi.

Inda na tsaya shi ne biya. Mai 'ya'ya biyar ɗin nan yakan kawo, misali, naira 20,000 a dunƙule, a ba shi rasit ɗaya, ya ce a raba wa yaran, wani lokaci har da cike bashin zangon baya. In na haɗa biya da ɗalibi, rasit ɗaya ya tsage biyar. In na haɗa da waliyyi, ban san wane yaro aka biya wa ba. Yaya ake zana wannan?

Malama_Bayanai:

Madalla ƙanina, zaman zauren nan shi ne aikin. Akwati uku kake bukata, kuma kowanne yana amsa tambaya daban.

Na farko caji: abin da makaranta ta ɗora wa wannan rajistar a wannan zangon. A nan za ka rubuta ainihin adadin, da rangwame, da dalilinsa. Kada ka dogara da kuɗin aji na yau, don in an ƙara kuɗi baɗi, bashin bana ba zai tashi da shi ba. Maraya ma a yi masa layin caji, rangwamensa ya cinye duka, don a san da shi aka lissafa.

Na biyu rasit: wa ya kawo, nawa, yaushe, wa ya karɓa, da lambar da ke jikin takardar. Layi ɗaya ga takarda ɗaya, yadda ma'aji zai iya ɗora littafinsa kusa da allon kwamfuta ya ga sun yi daidai. Sa wa lambar takardar sharaɗin kada ta maimaitu.

Na uku rabo, gada tsakanin biyun: daga rasit kaza, naira kaza ta tafi caji kaza. Dubu ashirin ɗin nan rasit ɗaya ne mai layin rabo biyar ko shida. Mai biya kashi-kashi kuma caji ɗaya ne mai rabo daga rasit uku. A zane, yatsu ukun duka biyu suna kallon rabo, da zobe a bayansu, don akwai cajin da ba a fara biya ba, akwai kuma kuɗin da aka kawo ba a raba ba tukuna.

Kada ka yi gurbin ragowar bashi. Caji a cire rangwame a cire jimlar rabo, kwamfuta ta lissafa duk lokacin da aka tambaya. Rasit kuma ba a goge shi. In an yi kuskure a sa masa alamar sokewa da dalili, kamar yadda ma'aji ke barin takardar da ta ɓaci a jikin littafi.

Akwatunanka sun zama goma sha biyu, za su shiga shafi ɗaya in ka kwantar da takardar. Kafin ka rubuta umarni ko ɗaya, ɗauko rasit goma na gaske daga zangon da ya wuce, har da na mai 'ya'ya biyar, ka cika teburan da fensir. Ka tambayi ma'aji kuma: in kuɗin da aka kawo bai isa kowa ba, wane yaro ko wane zango ake fara cikewa, shi ke yankewa ko mai biya? Ɗauko hoton takardar ka sa mana a nan in ka gama.